Jan Biro a Gidan Hedimasta

Kuskure goma sha huɗu malamin ya zagaye mata da ja a takarda ɗaya.

Auta ta ƙura wa takardar ido. Har yanzu fararen kayan aiki ne a jikinta, don daga asibiti ta wuto cibiyar koyon Turancin, ba ta biya gida ba. Sauran ɗaliban sun watse, sai fankar sama da ke juyawa da ƙyar tana kuka.

Saura kwana biyar jarrabawar. Sau biyu tana zama, sau biyu tana faɗuwa da maki ƙalilan. Asibitin kuwa sun gaya mata ƙarara, in ba ta kawo sakamakon Turancin nan a wannan karon ba, gurbin ƙaro karatun ungozoma da aka riƙe mata shekara biyu wata za a ba.

Malamin ya jawo kujera ya zauna daga gefe, ya bar tazara tsakaninsu kamar yadda ya saba. Jan Biro ɗalibai ke kiransa, don ba a taɓa ganin aljihun rigarsa babu shi ba.

"Karanta min jimla ta uku, Sista."

"The list of patients are on the table."

"Mene ne a kan teburin? Majinyatan kika jera a kai, ko takardar sunayensu?"

"Takardar."

"Guda nawa ce?"

"Ɗaya."

"To me ya kawo are? Ciwonki kenan kullum. Kalmar da ta fi kusa da aikatau ita kike bi ido rufe. Sa yatsa ki rufe abin da ya shiga tsakani, ki koma baya ki nemo wanda ake maganar a kansa. In tilo ne, aikatau tilo. In jam'i ne, jam'i."

Ta sa yatsa ta rufe of patients. Ta soke are, ta rubuta is.

"Yawwa. Ta bakwai."

"My father have retired."

"Babanki nawa ne?"

"Ai bakina ba ya iya ce musu ya," ta ce. "Tun ina ƙarama, Baba sun ce, Baba sun fita."

"Wannan ladabin ki cire shi tare da takalmi a ƙofar ɗakin jarrabawa. Turanci ba ya girmama kowa da jam'i. Ko furfurar mutum ta kai ƙirji, has ne."

A da, da ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Yau sai ta ajiye fensirin.

"Tunda ka kawo maganar Baba, yaushe za ka zo?"

Hannunsa ya tsaya cak a kan takardar.

Wata biyar kenan da ya gaya mata abin da ke ransa, ita ma ba ta ɓoye masa nata ba. Shi da bakinsa ya ce ba ya son tsayuwar bakin titi, gida zai zo ya gaida mahaifinta. Tana murna ta buɗe waya ta nuna masa hoton gidansu, ga Mama, ga yayyenta, ga Baba a tsakiya da tabarau. Tun daga ranar ya canza. Sau uku ana sa rana yana ɗagawa.

"Ki bari a gama jarrabawar."

"Karon farko ka ce sai ka yi aski. Na biyu ka ce mura. Malam, ni nas ce, na san mura in na gan ta." Ta dube shi ido cikin ido. "In ka fasa ne ka gaya min. Ba zan mutu ba."

"Ban fasa ba. Allah ne shaidata ban fasa ba."

"To mene ne?"

Ya buɗe baki zai yi magana, ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Darakta ne, mai cibiyar, yana kaɗa mukullin mota a yatsa. Tun ranar da ta cike fom yake turo mata saƙo, ita kuma ta ba shi haƙuri cikin ladabi, ta ce ta riga ta yi nisa da wani.

"Ikon Allah, har yanzu darasi ake? Sista, zo in sauke ki gida."

"Na gode, Darakta. Zan hau ta haya."

Ya dubi Jan Biro daga sama har ƙasa, ya yi wani guntun murmushi.

"Malam, ka dai koya mata abin da za ta rubuta da hannunta. Ka san ba kowa ake rubuta wa ba."

Auta ba ta gane maganar ba. Abin da ta gani kawai, fuskar Jan Biro ta yi fari kamar allin da ke hannun rigarsa.

*

Washegari da yamma tana karyo kwanar layinsu ta ga motar Darakta tana barin ƙofar gidansu. 

Baba na zaune a falo, rediyo a kashe, tabarau a hannu. Mama na tsaye jikin labule kamar wadda aka hana zama.

"Auta, zauna nan."

Ta durƙusa gefen kujerarsa.

"Yaron nan da kika ce zai zo gaishe ni, kina da hotonsa?"

Ta miƙa masa wayar. Baba ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya cire, ya goge, ya sake sawa.

"Shi ne. Ya yi gemu, amma shi ne."

"Baba, kun san shi?"

"Kin tuna shekarar da na daina zuwa makaranta?"

Ta tuna. Tana aji uku a sakandare. Mahaifinta, hedimastan da ko ranar da ƙafarsa ta kumbura sai da ya je ya kaɗa ƙararrawa, aka wayi gari yana zaune a falon nan daga safe har yamma. Aka ce musu hawan jini ne.

"Ba hawan jini ba ne," in ji Baba. "Ranar takardar Turanci, ni ne babban mai sa ido a ɗakin jarrabawa. Ina bin layi ina duba kati, na zo kan wani ɗalibin waje, na ga hoton katinsa ya ɗan ɗago a gefe. Na sa farce, sai ga wani hoton an yage a ƙasa. Wannan yaron ne zaune yana rubutu da sunan wani. Ni na kama shi, ni na rubuta rahoto da hannuna."

"Innalillahi," Auta ta faɗa a hankali.

"Masu jarrabawa suka ce in ɗaya ya shiga, wa ya san nawa suka shiga? Suka soke sakamakon ɗakin baki ɗaya. Yara saba'in da biyu, Auta. Akwai waɗanda ba su sake komawa aji ba har yau. Ni kuma aka ce da ɗan gari akan ci gari. Wata takwas ina zaryar gaban kwamiti, ƙarshe suka ce in ajiye aiki cikin mutunci. Shekara ashirin da tara ina koyar da Turanci, da wannan aka sallame ni."

"Wataƙila kama ce, Baba. Mutum yana kama da mutum."

"Kama? Awa shida muna ofis ɗaya da shi. Ina tambayarsa ina mai katin, wa ya turo shi, ya sunkuyar da kai ya ƙi magana. Adireshin katin na ƙarya ne. Da ya faɗa, da an wanke ni a ranar."

Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba. Baba ya ci gaba.

"Shi mai cibiyar ya ce ya ɗauke shi aiki ne bai san tarihinsa ba. Da ya gano, ya ga amana ce ya sanar da ni. Ya kuma nemi izinin ya riƙa zuwa wajenki. Wannan ke ta shafa, ban taɓa yi wa 'ya'yana dole ba, ba zan fara a kanki ba. Amma wancan yaron, muddin ina numfashi, ba zai taka gidan nan da sunan neman aure ba. Cibiyar ma kin gama zuwa. Abin da ya rage na karatun, ni zan yi miki."

Ta bi Mama ɗaki, ta faɗa kan gado ta sa fuska a cinyarta.

"Mama, ya sani. Tun ranar da ya ga hoton Baba ya sani, ya bar ni ina ta rawar kai."

Mama ta shafa kanta.

"Ni na ga babanku a shekarar nan, ke ba ki gani ba. In zai fita sai ya leƙa ta taga ya ga ko akwai iyayen yara a layi. Wata uwa ta tare shi a kasuwa ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi. Ya dawo gida bai iya haɗiye ruwa ba."

"To ni ya zan yi da zuciyata?"

"Ki ba ta haƙuri, kamar yadda kowa ke ba tasa."

"Ba ta jin haƙuri, Mama. Na gwada tun daga falo."

Mama ta dafa kafaɗarta. Can ta ce, "Tashi ki wanke fuska. Kina da jarrabawa."

*

Da safe, da yake aikin rana take, Baba ya sa aka fito da ƙaramin tebur tsakar gida. Ya ɗauko tsohon littafin nahawunsa wanda bangonsa ya sha gam, ya zauna kamar hedimastan da.

"Neither the doctor nor the nurses. Was ko were?"

Idonta a kumbure, amma bakinta ya amsa da kansa. "Were."

"Dalili?"

"In neither da nor suka raba biyu, na kusa da aikatau ake bi. A irin nan ne aka yarda a bi na kusa."

"Everybody in the wards. Have ko has?"

Ta sa yatsa a iska kamar tana rufe wani abu. "Has. Everybody taro ne a ido, amma ɗaya-ɗaya ake ƙirga su."

Baba ya dube ta ta saman tabarau. Ya miƙa hannu ya jawo littafin aikinta, ya fara buɗawa. Kowane shafi da jan rubutu a gefe, ƙanana, a tsare. A wani wuri an rubuta da Hausa: harafin s munafuki ne, a jikin suna yana nufin da yawa, a jikin aikatau yana nufin ɗaya, kada ki yarda da shi sai kin duba inda ya tsaya.

Baba ya karanta sau biyu. Ya buɗe gaba, ya buɗe gaba, kamar mai neman kuskure. Bai samu ba.

"Ya iya," ya ce, ba ita yake kallo ba. "Shi ya sa abin ya fi ciwo. Takardar da na ƙwace a hannunsa ranar nan, na karanta ta kafin in liƙe ambulan. A shekaruna na koyarwa ban taɓa riƙe Turancin ɗan sakandare mai tsabta irin nasa ba. Na ce wannan yaro me ya rasa da zai zubar da kansa haka?"

"Baba, ko za ku ji ta bakinsa?"

Ya rufe littafin da ƙarfi.

"Na ba shi awa shida ya yi magana. Ta gaba. A number of students."

*

Ranar Alhamis tana cikin raba magani aka ce tana da baƙo. Ta sami Jan Biro a bencin da ke bayan ɗakin haihuwa, inda masu jinya ke shanya kaya, riƙe da ambulan. Ya rame a kwana uku.

"Tambayoyi ɗari ne na haɗa miki, duk a kan inda kike tuntuɓe. Amsoshin na baya." Ya miƙa mata. "Darakta ya sallame ni jiya."

Ba ta karɓa ba.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Ko ƙaryatawa ba za ka yi ba? Ko don in samu abin riƙewa?"

"Na gaji da ɓoyewa, Sista."

"Ka gaji? Kai ne ka gaji?" Ta rage murya don wata mata na wucewa da bokiti. "Ka san mutumin da ka zaunar a gida shekara goma sha ɗaya? Ka san ni nake gwada jininsa kowace safiya? Ka kalli hotonsa a hannuna, ka ce min Allah ya ƙara masa lafiya, ka koma kana gyara min is da are kamar ba komai!"

"Kullum da niyyar faɗa nake zuwa. In na ga fuskarki sai in ce gobe."

"Nawa aka ba ka?"

Ya ɗago da sauri, kamar ta mare shi.

"Ko sisi."

"To don me? Don wa?"

Ya daɗe yana murza bakin ambulan ɗin.

"In na gaya miki, ki yi min alkawari ba zai wuce nan ba. Ko Baba."

"Na yi."

"Ki dube ni ki faɗa."

"Na yi maka alkawari."

Ya ja numfashi.

"Ina shekara bakwai iyayena suka rasu a hanya. Kawuna ya ɗauke ni. Abin da ya saya wa 'ya'yansa shi ya saya min, ko takalmi bai taɓa bambantawa ba. Babban ɗansa ya faɗi Turanci sau huɗu. Wata rana matar Kawu ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta durƙusa a gabana tana kuka. Matar da ta yi min wanka ina yaro, ta durƙusa min. Ta ce ba ta taɓa roƙona komai ba. Shekarata goma sha tara. Na ce to."

"Kawun naka ya sani?"

"Katin ba a taɓa nuna masa ba, har yau yana zaton abokai ne suka ja ni. Ya yi min duka, ya yi kuka, sannan ya bi ni duk inda aka kai ni har aka sake ni. Da na ambaci sunan ɗansa, da gidan ya rushe a kaina. Yanzu yana kwance, ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu, likita ya ce kada a kai masa labarin da zai girgiza shi."

"Shi ɗan nasa yana ina? Yana ina lokacin da ake jan Baba gaban kwamiti?"

Jan Biro ya kalli ƙasa.

"Kin san shi. A cibiya Darakta nake ce masa. A gida Yaya."

Auta ta nemi bango ta dafa.

"Da wannan tabon babu makarantar da za ta ɗauke ni," ya ci gaba. "Sai ya buɗe cibiya, suna nasa, aji nawa. A allon ƙofa sunan kakanmu ya sa, ainihin sunansa sai a katin shaida. Da ya ga sunan Baba a fom ɗinki shi ma ya gane. Ya san Baba bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya kuma san ni ba zan yi magana ba."

"Shi ne ya je har falonmu ya zauna, Baba suna yi masa godiya?" Kuka ya ƙwace mata. "Ka tashi mu je yanzu ka faɗa!"

"Ba zan iya ba."

"To ni fa? Ni ba a bakin komai nake ba?"

"Ke ce komai. Amma ba zan saye ki da ran Kawu ba." Ya ajiye ambulan ɗin a kan bencin. "Gobe zan zo gidanku. Ba neman aure zan zo ba, na san wannan ƙofar ta rufe. Gafara zan nema. Shekara goma sha ɗaya ina gudun idon mutumin nan, ya isa."

Ya tafi. Ta tsaya har aka leƙo aka ce mata mai gado na shida na kira. Ta share fuska, ta ɗauki ambulan ɗin ta cusa a aljihu.

*

Juma'a bayan la'asar tana ɗaki da tambaya ta sittin da uku a gabanta, ta karanta ta sau biyar ba ta san me ta ce ba. Darakta ya riga ya iso, yana falo yana ba Baba labarin yadda harkar ilimi ta lalace. Mama ta ce ta fito su gaisa, Auta ta ce kanta ke ciwo.

Sai ta ji sallama a ƙofar gida. Ta san muryar. Ta taso ta tsaya bayan labule.

Jan Biro ya cire takalmi tun daga waje. Bai kalli kujera ba, ya zube a ƙasa gaban Baba.

"Kai!" Darakta ya miƙe. "Wane irin rashin kunya ne wannan? Baba, bari in fitar muku da shi."

"Zauna," in ji Baba. "Gidana ne."

Darakta ya koma ya zauna.

"Baba, ban zo da wata hujja ba. Ni na shiga ɗakin nan da katin wani. Ni na jawo aka soke sakamakon yaranku, ni na raba ku da aikinku. Na daɗe da sanin inda ya kamata in zo, tsoro ya hana ni. Ku yafe min ko kada ku yafe, duk wanda kuka yi daidai ne."

Baba ya daɗe yana kallonsa. 

"Na karanta gyaran da kake yi wa 'yata," ya ce. "Malami ne kai, wannan ba zan hana ka ba. Saboda haka zan sake yi maka tambayar da na yi maka a ofishina. Sunan da ke katin nan na haddace shi kamar karatu, amma suna ne da in ka kira a tasha mutum goma za su waiwayo. Wane ne shi? Yana ina? Ka faɗa min, in ji a raina cewa ka tuba da gaske, sannan mu yi maganar yafiya. Har maganar da ka ce ba ka zo da ita ba, ina iya saurara."

Auta ta damƙe labulen, tana roƙonsa a ranta. Ka faɗa. Don Allah ka faɗa.

Jan Biro ya ɗago. Idonsa ya sauka kan Darakta, wanda ya daina kaɗa mukulli. Sannan ya mayar da kai ƙasa.

"Ku gafarce ni, Baba. Ba zan iya ba."

"Kun gani ko?" Darakta ya saki numfashi har da 'yar dariya. "Mai hali ba ya fasa halinsa."

Baba ya jingina da kujera kamar wanda aka zare wa laka.

"Tashi ka tafi. Kada in sake ganinka."

Auta ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba.

"Baba."

"Koma ciki."

"Baba, ku ce baƙonku ya ba ku katin shaidarsa. Ku karanta sunan da ke jiki."

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Jan Biro ya juyo ya dube ta, irin kallon da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba.

"Sista, kin yi min alkawari."

"Na yi," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Na karya."

Baba ya juya a hankali, ya miƙa wa Darakta tafin hannu.

"Haba Baba, yarinya ce, soyayya ke ɗibarta."

"In ƙarya take, a gabanka zan hukunta ta. Kawo."

"Ban fito da shi ba."

"To faɗi sunanka da na mahaifinka. Wanda aka raɗa maka, ba na allon ƙofa ba."

Darakta ya buɗe baki, ya rufe. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Baba ya janye hannunsa a hankali, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"A kujerata ka zauna," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na sa aka kawo maka ruwa. Na ce Allah ya yi maka albarka."

Darakta ya figi mukullinsa ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar ya tsaya ya nuna Jan Biro da yatsa.

"Ka kyauta. Yanzu zan je in gaya wa tsohon da bakina, ɗan da ya riƙa ya tona mana asiri a gidan mutane saboda mace. In wani abu ya same shi, kai ka kashe shi."

"Yaya! Yaya, tsaya!"

Jan Biro ya zabura. Baba ya ce, "Dawo ka zauna, yaro," amma bai ji ba. Ƙarar motar ta tashi a waje. Ya zura takalmi ƙafa ɗaya, ya ɗauki ɗayan a hannu.

Auta ta bi shi har ƙofar gida, ba mayafi.

"Malam, don Allah ka saurare ni. Ba zan iya kallo ba ne, wallahi ba zan iya ba."

Ya tsaya, amma bai juyo ba.

"Ki yi addu'a in riga shi isa," ya ce.

Ya fita da gudu, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ta kira shi sau biyu. Har ya sha kwanar layin bai waiwayo ba.